Idan Jikin Yaro Ya Ƙi Wani Abinci: Jagora Ga Iyaye a Maraɗi

Autana yana da wata 8 ranar da na fara ba shi ƙwai. Da hantsi ne, ina zaune ƙarƙashin rumfa, na murje dafaffen ƙwai a cikin kunun gero, ya sha cokali huɗu yana ta lashe baki. Kafin in ɗauraye kwanon, leɓensa na sama ya kumbura, wasu ƙuraje masu faɗi sun taso masa a wuya da ƙirji kamar wanda cinnaku suka yi wa taron dangi. Ya yi amai sau ɗaya, yana kuka yana murza ido. Gwaggona ta leƙo ta ce, "Haƙori ne, ƴar nan, kwantar da hankalinki." Uwar mijina kuwa garwashi ta aika a ɗebo, a yi masa hayaƙi. Allah Ya taimake mu abin ya lafa kafin azahar.

Kuskuren da na tafka daga baya shi ya sa nake wannan rubutu. Tsoro ya sa na hana shi ƙwai, na hana shi nono, na hana shi kifi da gyaɗa, na bar shi da farin kunu da mama kawai. Da muka koma awo bayan wata biyu, sikeli bai motsa ba. Ma'aikaciyar ta dubi katin, ta dube ni, ta ce, "Maman yaro, ƙwai ne ya yi masa laifi. Sauran me suka yi?" A garin nan da muka san tamowa ido da ido, hana yaro abinci barkatai haɗari ne da bai gaza ciwon da ake gudu ba. Aikin da ke gaban uwa shi ne ta gano abincin da ke da laifi, ta cire shi shi kaɗai, ta cike gurbinsa, ta kuma san alamun da ke cewa a ruga asibiti.

Mataki na farko: ki san abin da kike kallo

Abin da likitoci ke kira alerji, mu kuma muke cewa jikinsa bai karɓa ba, yana faruwa ne idan garkuwar jiki ta ɗauki wani abinci a matsayin maƙiyi ta far masa. Iri biyu ne. Akwai mai saurin tasowa, daga ƴan mintoci zuwa awa 2 bayan cin abincin: borin jini, kumburin leɓe ko fatar ido, amai, tari, atishawa. Akwai kuma mai jinkiri, wanda ke ɗaukar awanni ko kwanaki: zawo mai majina, ɗigon jini a kashin jariri, amai a kai a kai, ƙaiƙayin fata da ke ƙara tsanani, yaro ba ya ƙiba.

A fatarmu borin jini bai cika yin ja ba kamar yadda ake gani a hotunan intanet. Ki shafa da hannu. Za ki ji fatar ta yi tudu-tudu, wuri ya tashi nan ya faɗa, wani ya taso can. Ƙurajen zafi na watan Afrilu da Mayu ƙanana ne kamar ƙwayar gero, suna zama a wuya da goshi kwana da kwanaki. Ƙyanda kuwa da zazzaɓi take zuwa, da jan ido da mura. Alerjin abinci ba ya kawo zazzaɓi. Yaron da jikinsa ya yi zafi, musamman da damina, a fara yi masa gwajin zazzaɓin sauro.

Wani abin da ake rikitawa da shi: yaron da ya yi zawo mai tsanani yakan yi ƴan makonni cikinsa bai iya narkar da sukarin da ke cikin madara, ya riƙa kumburi da tusa da zawo in ya sha. Wannan yana wucewa da kansa idan hanji ya warke.

Mataki na biyu: alamun da ba a jira

Da an ga ɗaya daga cikin waɗannan bayan yaro ya ci wani abu, a ajiye komai a kama hanya: numfashi da ƙyar ko yana fita da ƙara kamar usur, tari ba ƙaƙƙautawa, murya ko kuka ya dishe nan take, harshe ya kumbura, yawu na dalala ya kasa haɗiyewa, leɓe da tafin hannu sun koɗe, jiki ya saki kamar tsumma, ko barci ya fizge shi ba lokacinsa ba. Haka ma idan borin jini ya haɗu da amai a jere. Likitoci na kiran wannan anafilaksi, kuma yana iya kisa cikin mintoci.

Maganinsa ɗaya ne, allurar adirenalin a tsokar cinya. Ma'aikatan lafiya na auna ta da nauyin yaro, miligiram 0.01 ga kowane kilo, kuma ana iya maimaitawa bayan minti 5 idan bai farfaɗo ba. Shi ya sa katin awo ke da amfani a irin wannan rana. Ki ajiye shi inda hannu zai kai cikin duhu. Siron ƙaiƙayi irin su kulorfeniramin ko setirizin suna kwantar da ƙuraje, amma ba sa buɗe maƙogwaron da ya toshe, ba sa ɗaga jinin da ya faɗi. Wanda ya ba yaro siro ya zauna jiran ya ga aikinsa, ya zubar da mintocin da ake bukata.

A hanya, kada a tsayar da yaro da ƙafafunsa, kada a sa shi tafiya. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa kaɗan. In numfashi ne ke ba shi wuya, a zaunar da shi a cinya ya jingina. In yana amai ko ya suma, a kwantar da shi ta gefe. Kada a goya shi a baya a kan kabu-kabu, a rungume shi ta gaba inda ake ganin fuskarsa. Kada a ɗura masa manja ko nono ko rubutu, kada a sa masa yatsa a maƙoshi don ya yi amai; yaron da ke kokawa da numfashi shaƙewa zai yi. Ku yi addu'a kuna tafe.

Ku nufi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ko babban asibiti mafi kusa, ko da ba shi ne wanda kuka saba zuwa ba. Da isa, kada ki bi layi. Ki ɗaga murya ki ce, "Ya ci abu kaza, numfashinsa ya toshe." Bayan ya samu sauƙi a bar shi ƙarƙashin idon ma'aikata na wasu awanni, domin abin yakan dawo karo na biyu ba tare da ya sake cin komai ba.

A Turai da Amurka ana ba iyaye adirenalin a cikin wani abu mai kama da alƙalami, su caka da kansu. A nan da wuya ki same shi a farmasi. Saboda haka tun yaro na lafiya, maigida ya je ya gaida majo, wato shugaban CSI ɗin unguwa, ya tambaye shi ko suna ajiye adirenalin, da kuma wa ake samu da dare. Ku riƙe lambar mai babur ɗaya da zai amsa kira ko ƙarfe biyun dare ne. Mutanen ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji da Dakwaro su suka fi bukatar wannan shiri, don tazararsu ta fi tamu ta cikin gari.

Mataki na uku: nemo mai laifin

Ki samu ƙaramin littafi irin na ƴan lakwal. Duk ranar da wani abu ya faru ki rubuta, ko ki sa a rubuta miki: me ya ci, ƙarfe nawa, yaushe alamar ta fito, me aka gani, yaushe ta lafa. Ki ɗauki hoton fatar da waya kafin ta kwanta, domin sau da yawa kafin a kai gaban likita babu abin nunawa. Ki tambayi yayyensa ma, su ne ke sa masa abu a baki a ɓoye.

Abincin da suka fi jawo wannan a duniya kaɗan ne: madarar shanu, ƙwai, gyaɗa, kifi, jatan lande da danginsa, alkama, waken soya, riɗi, da ƙwayoyi irin su kashu. Idan abu ɗaya ya maimaita alama iri ɗaya sau biyu, kusan an kama shi. Wannan tarihin da kika tara shi ne rabin aikin likita. Akwai gwajin fata da na jini, amma ba ko'ina ake yinsu ba, kuma suna iya nuna alama a kan abincin da yaro ke ci lafiya lau. Abincin da yaro ke ci bai taɓa yi masa komai ba, ba a hana shi don takarda ta ce.

Ga mai jinkiri, hanyar ita ce a cire abincin da ake zargi ɗaya tak na mako 2 zuwa 4, bisa shawarar ma'aikacin lafiya. In an ga sauƙi, a mayar da shi a ga ko ciwon zai dawo. Mutane na tsallake wannan mayarwar, alhali ita ce ke tabbatar da zargi. Ga mai saurin tasowa kuwa, musamman wanda ya taɓa numfashi, ba a gwadawa a gida ko da ɗanɗano ne.

Mataki na huɗu: inda yake ɓuya a tukunyarmu

Nan ne wahalar take, kuma gyaɗa ce ta fi ba da wuya. Maraɗi da gyaɗa aka san ta tun zamanin Turawa, kuma har yau ba ta bar kwanonmu ba. Kunun gyaɗa da miyar gyaɗa kowa na ganinsu. Amma yajin tsire da garin ƙuli-ƙuli ake haɗa shi. Kilishi a cikin labu ake tsoma shi, labu kuwa tunkuza ce. Kwaɗon zogale da na rama da ƙuli ake yinsu. Man gyaɗan da matan unguwa ke matsewa a gida yana ɗauke da sauran abin da ke tayar da ciwon, don haka ƙosai da fanke da awarar da aka soya da shi duk sun shiga lissafi. Injin niƙa ma abin lura ne: in an markaɗa gyaɗa kafin a zuba geronki, garin ya ɗauko. Ga yaron da abin ya yi wa tsanani, gara a daka nasa a gida a turmin da aka wanke.

Madara tana cikin fura da nono, kindirmo, man shanu, cuku, yawurt na leda, shayin mai shayi, biskit da alawar madara. Wani abin da ya kamata kowace uwa a jihar nan ta sani shi ne, jar akuyarmu da ake alfahari da ita ba mafita ba ce. Nonon akuya da na tunkiya sun yi kama da na saniya ƙwarai, kuma mafi yawan yaran da jikinsu ya ƙi na saniya zai ƙi waɗannan ma. Na sha jin kakanni na cewa a tatso masa na akuya ya fi sauƙi. Da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma kada a bi.

Ƙwai na shiga kek, cincin, mayonez, wasu fanke da wasu burodi. Waken soya shi ne awara, ana kuma zuba shi a garin kunun yara da wasu dunƙulen ɗanɗano. Alkama na cikin burodi, taliya, alkaki, da ɗanwaken da aka haɗa da fulawa. Riɗi na cikin kantu. Sai fara, wadda yara ke so da yaji a bakin lakwal: tana da dangantaka da jatan lande ta wajen abin da ke tayar da alerji, don haka wanda ɗaya ya taɓa yi wa illa a kiyaye shi daga ɗayan.

Kayan kanti kuwa sai an karanta bayansu. A na Faransanci ki nemi arachide, lait, œuf, soja, blé, sésame, poisson. Kayan da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa da Ingilishi aka rubuta su. Ki sa wani ɗan makaranta ya rubuta miki sunan abincin a harsunan biyu a takarda ɗaya, ki riƙa gwadawa da ita. Abin da aka ƙulla a leda ba rubutu, a tambayi mai shi. In ta yi jim kafin ta amsa, a bar shi.

A cikin gida ki ware masa kwano da cokali da kofi. Wanke hannu da sabulu ne ke cire maiƙon gyaɗa, ɗauraya da ruwa kawai ba ta isa ba. Tafasawa da suya ba sa kashe alerjin gyaɗa ko na kifi.

Mataki na biyar: duk abin da aka cire a cike gurbinsa

Mama ba a tsayar da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye, kuma yaro mai alerji ya fi kowa bukatar wannan. Uwa ba ta daina cin wani abu sai in an ga jaririn na nuna alama alhali mama kaɗai yake sha, kuma likita ya ce ta gwada. Yawancin madarar gwangwani ta jarirai da ta shanu ake yin ta. Akwai ta musamman da aka sarrafa don irin waɗannan yara, sai dai tana da tsada kuma ba ta cika samuwa ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin kada a yi gaggawar yaye.

In an cire ƙwai, ga wake, ga hanta, ga nama da aka daka, ga kifi. In an cire madara, ƙashin yaro na bukatar madadin: miyar kuka, zogale, riɗi, da ƙananan busassun kifi da aka daka da ƙayarsu. In an cire gyaɗa, a zuba ɗan mai na daban a kunu don ya riƙe ciki, a haɗa gero da wake. A riƙa kai shi awo kowane wata, sikeli ne zai gaya miki ko kina kan hanya.

Tun yunwar 2005 mutanen Maraɗi suka saba da abincin tamowa na leda, irin su Plumpy'Nut. Gyaɗa ce a ciki da garin madara da sukari da mai, kuma ya ceci yara masu ɗimbin yawa. Kada wata ta ƙi karɓa don ta karanta wannan. Wadda ɗanta ya taɓa kumbura da gyaɗa ko madara ce za ta faɗa wa ma'aikatan tun kafin a ba shi ledar farko, su san yadda za su yi.

Rigakafi ma a ci gaba da shi. Alerjin ƙwai ba ya hana allurar ƙyanda. Ta cutar shawara da ake yi a wata 9 ita ce ake haɗawa a cikin ƙwai, don haka wanda ƙwai ya taɓa yi wa mummunar illa a sanar da mai allurar kafin ta yi.

Mataki na shida: dangi da maƙwabta

Yaro a gidanmu na kowa ne. Kaka za ta gutsura masa ƙuli, kishiya za ta ba shi fura, baƙo zai miƙo biskit, kuma ƙin karɓa kamar raini ne. Na koyi cewa faɗa ba ya aiki. Abin da ya yi mini aiki shi ne na zauna da uwar mijina na nuna mata hoton leɓen jikanta, na ce, "Inna, ke ce babba a gidan nan, ke za ki tsare mini shi. In kin hana ba mai ba shi." Tun daga ranar ita ce ke korar masu miƙo masa kek a wajen suna. Maigida ya yi wa ƴan'uwansa bayani da bakinsa, kada a bar wa uwa ita kaɗai ta zama mai baƙin jini. Ranar biki da sallah a tafi da abincinsa a kwano. A gaya wa malamar jardan da malamin allo. Shi ma yaron, da ya fara magana, a koya masa ya ce, "Sai na tambayi Mama."

Mataki na bakwai: ƙannensa masu zuwa

Da can likitocin Turai na cewa a jinkirta ba jarirai gyaɗa da ƙwai. Wani bincike da aka yi a Landan a kan jarirai 640, aka fitar da sakamakonsa a 2015, ya juya wannan magana: waɗanda aka fara ba gyaɗa tun suna ƙasa da shekara ɗaya, aka ci gaba da ba su, sun samu raguwar alerjin gyaɗa da wajen kashi 80 cikin 100. Ashe kunun gyaɗan da iyayenmu ke ba ɗan wata bakwai yana kan daidai. Camfin nan na cewa ƙwai na sa yaro sata kuwa, babu abin da ya jawo mana sai hana yara abinci mai gina jiki.

Saboda haka da jariri ya cika wata 6, a fara. A zaɓi safiyar da yake lafiya, ba mura ba zawo. Sabon abu ɗaya a rana. A ba shi ɗan kaɗan a bakin cokali, a jira minti 10, in ba komai a ƙara, sannan a sa masa ido na awa 2. Ƙwai a dafa shi ya nuna sarai. Gyaɗa a niƙa ta lukui a dama a kunu, a kuma tsince ruɓaɓɓu da masu fumfuna kafin niƙa. Ƙwayar gyaɗa guda ba a ba yaro ƙasa da shekara 5, tana iya maƙale masa a hanyar iska. Abin da jiki ya karɓa a riƙa ba shi kowane mako, kada a yi wata da watanni ba a sake ba.

Jaririn da fatarsa ke bushewa tana tsagewa da ƙaiƙayi tun yana ƙarami ya fi shiga haɗari, musamman da hunturu. Shi a fara kai shi likita kafin a ba shi gyaɗa. A kula da fatar da basilin ko man kaɗe, kada a shafa masa man gyaɗa, domin ta tsagaggiyar fata ma jiki na iya fara gaba da abinci.

Mataki na takwas: a koma a sake dubawa

Yawancin yaran da madara ko ƙwai suka ƙi suna warkewa yayin da suke girma, da yawa kafin su shiga lakwal. Gyaɗa da kifi da riɗi sun fi naci. A gyaɗa, kamar yaro ɗaya cikin biyar ne ke rabuwa da ita. Duk shekara a koma wurin likita a tambaya ko lokacin sake gwadawa ya yi, kuma gwajin a yi shi a asibiti inda adirenalin ke kusa.

Nawa yana da shekara huɗu da rabi aka gwada shi. Muka je da sassafe da ɗan kek a leda, domin ƙwan da aka gasa cikin fulawa jiki ya fi saurin karɓarsa. Aka ba shi gutsure kamar ƙwayar wake, aka jira, aka ƙara, ina zaune a kan benci ina kallon leɓensa har azahar. Bayan wata shida muka koma da dafaffen ƙwai, ya cinye rabi, ya miƙo hannu a ba shi sauran.